Sunan Ɗan Jafaru

Ku kife wayoyin nan ku matso. Kai ma mai hamma, gyara zama, don da kai za a yi gardamar.

A wani gari mai madatsar ruwa, duk bayan Sallah akan yi wasan babur ɗin ruwa. Mutane su cika gaɓa maƙil, samari su shiga tsakiyar dam suna tsalle da injin, suna juyi a sama. Gwanin gwanaye a cikinsu shi ne Jafaru. Yaro mai fara'a, ga kyauta, sai dai taurin kai kamar me. A shekarar da nake ba ku labari matarsa Saudatu na da tsohon ciki, haihuwar fari.

Wasan yana da dokoki, kuma mutum uku ne suka riƙe su a ranar.

Na farko Zubairu, bakaniken da ke duba injuna. Doka ta ce ba mai shiga ruwa sai da rigar ceto da hular kwano, da igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda ke kashe injin in mutum ya faɗi. Jafaru ya ce rigar na hana shi juyi, ba zai sa ba. Zubairu ya jefa makullin babur ɗin a aljihu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Jafaru ya zage shi tas a bainar jama'a, har ya ce baƙin ciki yake yi masa. Zubairu dai bai miƙa makullin ba sai da ya ɗaure masa rigar da hannunsa. A haka suka rabu, ba sallama.

Jafaru ya yi juyi na farko, gaɓa ta ɗauki sowa. A na biyu injin ya kufce masa, ya faɗo da ka, ruwa ya rufe shi. Igiyar ta fizge, injin ya mutu nan take. Da bai mutu ba, da ya yi kan yaran da ke bakin ruwa.

Na biyu Ilyasu, ƙanen Jafaru uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke biye da shi a kan nasa babur. Doka ta ce in wani ya faɗi, kowa ya kashe inji ya tsaya cak, domin ruwan dam jawur yake, ba ka ganin abin da ke ƙasa. Ilyasu ya kashe. Jama'a na ihu, "Matsoraci! Ɗan'uwanka fa!" Mahaifiyarsu na kiran sunansa tana birgima a yashi. Shi kuwa yana zaune, hawaye na zuba, ya danne hannunsa da ɗaya hannun. Can sai rigar ceton ta taso da Jafaru, daidai hancin babur ɗin Ilyasu. Da ya motsa ko taku ɗaya, da kan wansa ya bi. Amma uwar ba ta ga wannan ba. Abin da ta gani kawai ɗanta ya zauna, kuma har yau ba ta amsa gaisuwarsa.

Na uku Shu'aibu, masuncin da aka ajiye da kwalekwale don ceto. An koya masa cewa wanda ya faɗo da ka ba a jan sa ta hannu. Ya faɗa ruwa ya tallafi kan Jafaru da tafukansa biyu, ya ga wuyan ya karye. Babu abin ɗora shi. Sai ya sa Ilyasu ya ɓalle katakon gindin kwalekwalen, suka zura shi ƙarƙashin bayansa. Kwalekwalen ya nutse yana kallo. Da shi yake ci da iyalinsa, kuma gadon ubansa ne.

A asibiti likita ya ce da an rasa ɗaya cikin ukun nan, da gawa aka kawo masa. Ya kuma ce kada a sa rai.

Wayyo, Jafaru. Kwance yake, ido kawai ke motsi da ɗan baki, yana jira. Allah cikin ikonsa Saudatu ta sauka, namiji. Aka kawo jaririn aka kwantar masa a ƙirji, aka kara kunnen yaron a bakinsa. Ya yi masa kiran salla da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. Limamin unguwa ya sunkuya ya ce, "Malam Jafaru, wane suna?"

Ya daɗe yana kallon yaron. Ya ce, "Ku sa masa sunan wanda ya sa na gan shi." Bai ƙara magana ba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ranar suna ta zo. Rago na ɗaure, wanzami ya wasa askarsa, ba guɗa ba kiɗa. Zubairu ya ce shi bai isa ba, tunda har Jafaru ya rasu ba su nemi gafarar juna ba. Ilyasu ya sunkuyar da kai. Shu'aibu ya ce aikinsa kawai ya yi. Saudatu na cikin takaba a bayan labule, rungume da yaro mara suna, liman ya ɗaga hannu yana jira.

To, ga ku ga liman. Zubairu, ko Ilyasu, ko Shu'aibu, sunan wa za a raɗa wa marayan nan?