Tela da Jarrabawar Aro

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa haƙurin zama da rubutu a zamanin da kowa ke sauri, ina roƙon ka ara mini hankalinka. Ni ba mai ɓata tawada a kan ƙananan mutane ba ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabantar makaranta, yau kuma ni ne shugaban ƙungiyar 'yan uwanmu baƙi a ƙasar nan da muka zo nema har muka zauna. Sai dai akwai wautar da in ba a rubuta ta ba, wani zai maimaita.

Akwai wani tela a layinmu, ana ce masa Sha-Yanzu. Hannunsa na da kyau a kan keke, amma girman kai da ƙyuya sun yi masa katutu. Sharuɗɗan zama ɗan ƙasa a nan ba ɓoyayyu ba ne: zaman shekara biyar bisa ƙa'ida, shaidar kyawun hali daga dattijo, jarrabawar harshen ƙasar, sannan rantsuwa. Shekarun ya cika su, shaidar kuwa ni na sa mata hannu. Matarsa da 'ya'yansa biyu duk a kan takardarsa suke rataye. Saura jarrabawa.

Na ce masa, "Ɗana, ajin harshe kyauta ne, kowace Asabar da safe."

Ya ce, "Haba Baba Hedimasta! Ni da gemuna in hau benci ina bin bakin malama? Ai da hannu muke ciniki da mutanen nan, kuma ba wanda wandonsa ya ɗage."

Ashe ya gama ƙulla tasa. Yana da ƙane direban bas, kamarsu ɗaya, harshen kuma ya zauna a bakinsa. Tela ya ba shi katin shaidarsa don ya rubuta jarrabawar a madadinsa, ya ce, "Ka ci daidai wucewa, ban da zaƙewa." Ƙanen, da yake shi ma gwanin son a sani ne, ya je ya cinye maki duka.

Abin da sakarkarun biyu ba su bincika ba shi ne, a ofishin nan wanda ya fi kowa maki shi ke karanta rantsuwa a gaba, saura su bi shi.

Ranar rantsuwa zaure ya cika. Tela ya sha sabuwar kwat ɗinkin hannunsa, yara na kaɗa 'yan tutoci. Sai aka kira shi, aka yi tafi, jami'ar ofishin ta miƙa masa takarda. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya nuna idonsa, wai ya manta tabarau. Baiwar Allah ta cire nata ta ba shi. Da ta ga bai fara karantawa ba, ta tambaye shi ko lafiya. Nan gogan naka ya saki jimla ɗaya tak da ya mallaka a harshen, wadda yake sallamar masu ɗinki da ita: "Ki dawo gobe."

Matarsa ta dafe kai ta ce, "Baban yara, ka kashe mu!"

Aka soke neman nasa da na iyalinsa, aka ce kada su sake tunkarar ofishin sai bayan shekara biyar. Ƙanen ya rasa aikinsa. Ni kuma, da furfurata, aka tsayar da ni ina amsa tambayoyi a kan sa hannuna.

Darasin, ya mai karatu, shi ne: ƙasar da za ka kira taka, da bakinka za ka yi mata alkawari, ba a aika wani. Wanda ya ji kunyar koyo a gaban mutum goma zai sha ta a gaban ɗari, ya kuma ja marasa laifi. Da ya zo gaban ƙungiya yana sunkuye-sunkuye, na ci shi tarar ɗinka labulen ɗakin taronmu guda takwas, yadi da zare daga aljihunsa, kuma shi zai hau tsani ya rataya su.