Ranar da Akuya ta Cire Shinge

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta taho mu saurara.

Kura ta dawo daga yawon duniya da sabon wa'azi: kowa da addininsa, kowa da al'adarsa, a rushe shinge a zauna tare. Akuya, uwar saurin yarda, ita ta fara cire nata. Washegari Kura ta ɗauke mata ɗa.

Akuya ta kai kuka wurin Dila, alƙalin daji.

Dila ya ce, "Baiwar Allah, cin nama al'adarta ce. Zamani ya hana a tsangwami kowa."

Akuya ta ce, "Allah gafarta malam, ni kuma al'adata in raini ɗana."

Dila ya lashe maiƙon bakinsa ya ce, "Taki ma muna girmama ta. Je ki haifo wani."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, in ƙarya ce ku tambayi Akuya.