Kyamarar da Dattijo Ya Kafa a Makera

An yi wani mutum a nan Makera, ya 'yan'uwa, ba nesa da inda muke zaune ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don haka kada kowa ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada yana tambaya. Dattijon ikilisiya ne a wata majami'a. Ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ya zama mai duba ma'aikata, kuma ko bayan an rufe masaƙar, dubawar ba ta bar jikinsa ba. In ka gaishe shi, sai ya amsa yana kallon takalminka.

A shekarun nan soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, ciwon zaɓe ya kama kowa. 'Yan acaɓa suna zaɓe, masu sayar da tumatir suna zaɓe, har majami'ar mutumin nan ta ce ita ma daga yanzu ƙuri'a za a jefa wajen fid da shugaban dattawa. Shi kuwa yana son kujerar nan kamar ransa. Abokin takararsa ɗaya ne, wani Baba Albert, mai kiwon aladu a bayan layi, mutum mai sanyin hali wanda kowa ke so. Mutumin namu ya auna, ya ga in dai don ƙauna za a yi zaɓen, ya faɗi tun ba a fara ba. Sai ya ce to, a yi shi don tsoro.

Ana nan sai wani kamfani da ya rufe ya yi gwanjon kayansa. Mutane suna sayen fanka da kujeru, shi kuwa ya rungumo kyamarar tsaro, irin wadda ake kafawa a sama. Kamar ƙwarya take a kife, ta baƙin gilashi, da ido a ciki. Idon yana juyawa hagu da dama, yana ɗagawa, yana sunkuyawa, yana kuma jawo abin da ke nesa ya zo kusa har ka ga giɓin mutum. Da yake gilashin baƙi ne, wanda ke ƙasa ba ya sanin inda idon yake kallo. Wannan ne ya fi burge shi.

Ya aika unguwar Television aka kira masa wani Jethro, mai kafa wa mutane dish na talabijin. Jethro ya kafa dogon bututun ƙarfe a kusurwar katanga, ya zuba siminti a gindinsa, ya ɗaure kyamarar can sama, ya sauko da wayoyi har falo: ta wuta, ta hoto, da wata siririya mai kai umarni. Ya haɗa su da talabijin, da akwatin da ke ajiye hoton, da wani ɗan allo mai sanda a tsakiya kamar giyar mota. Ka tura sandar, ido ya juya. Ka murɗa kanta, hoto ya matso. Maƙwabta sun cika taga suna kallon ikon Allah.

Jethro ya ce, "Baba, tana riƙe wurare a kanta. In na nuna mata wuri na ba shi lamba, da ka danna lambar za ta koma can. Mu fara da get ɗinka ko?"

Mutumin ya ce, "Wane get? Get ɗina ya yi zunubi ne? Juya ta can."

Aka ba shagon tela lamba, inda samari ke taruwa. Aka ba famfon unguwa lamba, inda mata ke layin ruwa. Aka ba ƙofar Mama Dorcas lamba, wata mata mai dafa burukutu a ƙarshen layi. Ɓarawon da aka ce dominsa aka sayi na'urar ko lamba ɗaya bai samu ba.

Kafin ya tafi, Jethro ya ce akwai yadda ake toshe wani gefe da baƙi, kamar bayan gidan, don kada ta riƙa ɗaukar uwargidansa tana wanki. Mutumin ya dubi maƙwabtan da ke taga, ya ɗaga murya don su ji: "A toshe me? Ni ba ni da abin ɓoyewa. Bar ta ta ga ko'ina!" Jethro ya ce to, ya tattara kayansa, don wani aikin yana jiransa a Kakuri.

Kun dai san al'adarmu, 'yan'uwa. Wanda aka samu da laifi, a kira sunansa a gaban jama'a, a sa shi a horo. Ya koma bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya riƙe wani aiki, sai ya tuba an maido shi. Don gyara aka yi bencin nan. To, mutumin nan ya mai da shi gonarsa. Mai kaɗa wa mawaƙa ganga ya buga karta a shagon tela, sai bencin baya. Mata biyu 'yan Zumuntar Mata suka fizge wa juna ɗankwali a famfo, sai bencin baya. Wani kafinta ya buga ƙusa ɗaya ranar Lahadi don ƙofarsa ta ɓalle, shi ma aka tura shi can. Bencin ya cika, aka sa kafintan ya ƙera na biyu, ya gama ya zauna a kai.

Unguwa ta shiga taitayinta. Maza suka riƙa cire hula in za su wuce ƙarƙashin bututun. Mata suka daina shanya a waje. Wata tsohuwa kullum da safe sai ta rusuna ta ce wa ƙarfen, "Ina kwana, Baba," ko da Baban yana can yana minshari. Mutumin ya ga haka, ya ce a ransa tsoron Allah ya shigo Makera. Tsoron Allah ne wannan, 'yan'uwa?

Yanzu bari in gaya muku abin da unguwa ba ta sani ba. Mutumin nan yana shan burukutu. Ba ta ƙofar gaba yake zuwa ba, ina! Da yamma in rana ta yi sanyi, sai ya ɗauki fulas ɗin shayi, ya fita ta wata ƙaramar ƙofa a bayan gidansa, ya bi lungu har tagar bayan ɗakin Mama Dorcas. Ta miƙo masa ƙwarya ɗaya ya sha a tsaye, ta cika masa fulas, ya koma gida yana rera waƙar yabo a hankali. In an zo taron addu'a, shi ne kan gaba wajen roƙon Allah ya fasa tukwanenta. Ita kuwa ba ta taɓa cewa komai ba, don mai saye mai saye ne.

Baba Albert shi ma yana zuwa gidan, amma ta ƙofar gaba, da babban bokiti a hannu. Dusar da aka tace yake karɓo wa aladunsa. Kowa ya sani, mutumin namu ma ya sani. Wata rana ya zauna a falo, ya danna lambar ƙofar Mama Dorcas, ya jira. Da Baba Albert ya iso, sai ya murɗa sandar nan a hankali, hoto yana matsowa, yana matsowa, har bokiti ya fita daga ciki. Ya rage fuskar dattijo tana shiga gidan giya tana murmushi. Ku gaya mini, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Bai buɗe baki ba. Sanda kawai ya murɗa.

Amma rana ɗaya ba ta isa a kada mutum irin Baba Albert ba. Yana so ya nuna cewa kullum ne. Matsalar ita ce, lokacin da Baba Albert ke zuwa ɗaukar dusa shi ne daidai lokacin fulas. Ya yi ƙoƙarin haƙura ya zauna gadi, maƙogwaro ya ce bai yarda ba. Sai ya sake kiran Jethro ya tambaye shi ko na'urar za ta iya aikin ita kaɗai.

Jethro ya ce, "Sosai ma, Baba. In na kunna mata bin motsi, duk abin da ya motsa za ta bi shi da kanta."

Ya ce, "Kunna."

An ce masa duk abin da ya motsa, shi kuwa Baba Albert kaɗai yake gani a ransa. Daga ranar, da yamma ta yi sai ya saita ta a ƙofar Mama Dorcas, ya ɗauki fulas, ya sulale ta baya, hankalinsa kwance cewa ido yana kallon gaba. Bai taɓa zama ya duba abin da akwatin ya tara ba. Bai iya rimot ɗin sosai ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya.

Ranar Lahadin da za a jefa ƙuri'a, bayan sujada, ya nemi izinin magana. Ya sa aka ɗauko akwatin da talabijin aka ajiye a gaban jama'a. Ya ce a tayar da janareta, kada ɗaukewar wuta ta taimaki mai zunubi. Ya gyara hularsa, ya ce zuciyarsa tana kuka, amma ba zai yi shiru a ba mashayi kujerar dattawa ba. Sa'an nan ya danna.

Ga fuskar Baba Albert ta cika talabijin, tana shiga gidan Mama Dorcas. Majami'a ta ɗauki salati irin namu, "Yesu!" Baba Albert ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi a kan abin da bai yi ba. Matarsa ta miƙe tana ihu, "Bokitin fa? Ina bokitin?" Mutumin ya ce ta zauna, ai yanzu aka fara.

Hoton rana ta biyu ya shigo, wanda na'urar ta ɗauka da kanta. Ita ba ta da ɗan takara. Ta nuna Baba Albert daga kai har ƙafa, da bokitinsa, ya shiga, ya fito da dusa a ka. Jama'a suka fara gunaguni. Sai hoton ya yi wuf ya juya, ya tsallake rufin kwano, ya sauka a wani lungu. Wata ƙaramar ƙofa ta buɗe. Wani kai ya leƙo, ya duba hagu, ya duba dama, bai duba sama ba.

Wata tsohuwa da ke zaune a gaba, wadda ko jikokinta ba ta ganewa sai sun yi magana, ta ce, "A'a, wannan hular ai na san ta."

Hular tana kansa a lokacin.

Ido ya bi shi har taga. Ya matso ya nuna ƙwarya, ya nuna idanu a lumshe, ya nuna maƙogwaro yana hawa yana sauka. Ya nuna dattijo yana share kumfa daga gashin baki, yana ɗan girgiza kafaɗa don daɗi. Mutumin ya wawuri rimot don ya kashe, ya danna abin da ke sa hoto gudu. Wayyo, 'yan'uwa! Kwanaki suka fara wucewa a guje. Ƙofa, kai, fulas, ƙwarya, gashin baki. Ƙofa, kai, fulas, ƙwarya, gashin baki. Rigar ce kawai ke canzawa. Ya yi ihu a kashe janareta. Waɗanda suka fi kusa da ƙofa 'yan bencin baya ne, kuma ba wanda ya motsa a cikinsu. Can cikin mata matarsa ta tashi, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Ashe shi ya sa ba ka bari in wanke fulas ɗin nan!"

Wanda ya ba ni labarin yana wurin. Ya ce faston da kansa sai da ya shiga bayan bagadi ya yi ta tari.

A ranar aka sa mutumin namu a horo, aka zaɓi Baba Albert ba tare da an wahalar da akwatin ƙuri'a ba. Matar mutumin ta tafi wurin 'yarta ta ce sai ta huce. Yaran unguwa suka sa masa suna Baba Fulas, in sun gan shi sai su yi ta tafiya da sauri-sauri suna share baki. Mama Dorcas ma ta rufe masa tagarta, ta ce ba ta hulɗa da wanda ya kai tagar mutane majami'a. Ya zo sujada sau ɗaya, ya tsaya a bakin bencin baya, ya ga ba fuskar da ke wurin sai wadda shi ya kawo. Suka matsa masa, suka ba shi wuri. Wannan matsawar ce ya kasa ɗauka. Bai sake zuwa ba, kuma kafin damina ta wuce ya sayar da gidan ya bar Kaduna. Na yi dariya da na ji labarin, amma a nan wurin tausayinsa ya kama ni.

Me ya kada mutumin nan? Kada wani ya fita ya ce fasto ya halatta burukutu, ban halatta ba. Amma da ƙwaryar ce kaɗai damuwarsa, da ya sami ɗan'uwa ya ce, "Ka taimake ni da addu'a, abin nan ya fi ƙarfina," da yau yana nan a cikin jama'a. Abin da ya kada shi shi ne farautar laifin mutane, da shaidar zur a kan wanda ya san ba shi da laifi. Ya yanke bokiti daga hoto don ya sami kujera. Sau nawa muke ba da labarin ɗan'uwa, duk abin da muka faɗa gaskiya ne, amma mun cire bokitin?

Kuna ta dariya, na gode. To ni ma daga nan sama ina gani. Tun da na fara labarin nan wuyanku bai huta ba. Wannan ya juya hagu ya kalli wancan, waccan ta juya dama ta taɓa ƙawarta, wani a can baya har ya miƙe don ya hango dattawa da kyau. Kowa ya riga ya sami wanda nake nufi. Ban ga mutum ɗaya da ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa ba.

Mu sunkuyar yanzu.

Ya Ubangiji, kai da kake ganinmu gaba da baya, kake kuma rufa mana asiri don jinƙanka, ka hana mu jin daɗin faɗuwar 'yan'uwanmu. Ka tsare bakinmu daga rabin gaskiya. Ka tuna da bawan nan naka duk inda yake, ka ba shi ƙarfin halin dawowa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye maƙwabtanmu daga idanunmu. Amin.