Fitilar Baba Ilu

Ku gyara zama, ku masu son gardama, yau na kawo muku wadda za ta hana ku tashi da wuri.

A Zariya akwai wani ɗan shago inda mutum uku suke ƙera na'urar gano muguwar iska. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, amma da zarar ta shaƙi iskar da ke kashe mutum sai ta kwarma ihu. Ni dai mutanen nan suna burge ni, ba zan ɓoye muku ba.

Barira ce ta ƙirƙiro ta. Shekara biyu tana fama da wayoyi da dalma, yatsunta duk tabon ƙuna, har sai da ta sa na'urar ta iya jin gubar da ke cikin hayaƙin inji, wadda ba a ganinta, ba ta kuma wari.

Tanimu shi ke gwada kowace kafin ta bar shago. Taurin kansa kuwa ba a magana. Ya lura cewa in na'urar ta sha danshi takan yi jinkirin kuka, sai ya kulle kwalin gaba ɗaya ya hana a sayar da ko guda. Sati shida Barira na cika tana batsewa, masu saye na juyawa, shi ko a jikinsa, har aka gyara.

Lawandi kuma shi ke yawo da ita ƙauye-ƙauye a kan babur. A Gidan Tsamiya ya tarar da Baba Ilu, wanda ya shekara arba'in yana haƙar rijiya. Al'adar masu haƙar rijiya ita ce kafin a shiga sai a zura fitila mai wuta: in ta mutu a fasa, in ta fito tana ci a yi bismilla. Fitilar Baba Ilu gadon mahaifinsa ce.

"Ɗana, fitilar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," in ji tsohon.

Lawandi bai yi musu ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ban ce ka ajiye ta ba. Bari dai in ɗaura wannan a igiyarta, ta riƙa yi mata rakiya." Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce a ɗaura.

Wata Laraba da hantsi aka kira Baba Ilu yasar rijiyar masallaci. Tun da safe an zura injin jan ruwa cikinta an tsane ta. Ya kunna fitila ya zura. Kafin ta kai ƙasa na'ura ta hau ihu, ga danshi ya jiƙe ta amma ba ta yi jinkiri ba. Aka jawo, fitila tana ci lafiya lau.

Igiya na ƙugunsa, ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga, ya ce abin 'yan birni ya haukace. Amma ihun ya tara jama'a, suka ce a gwada da kaza tukuna. Aka zura ta cikin kwando, jim kaɗan aka jawo ta matacciya. Ashe gubar hayaƙin injin ce ta taru a cikin rijiyar, ita kuwa ba ta kashe wutar fitila. Baba Ilu ya zauna daɓas a ƙasa. Ya daɗe yana kallon fitilar da ke ci a gabansa, hawaye na bin gemunsa.

Bayan kwana uku ya hau mota zuwa Zariya da fitilar naɗe cikin tsumma. Ya tarar da su ukun a shago ya ce, "Ba ni da abin da ya fi wannan daraja. Wanda ya tsare mini rai a cikinku zan ba."

Barira ta nuna Tanimu, Tanimu ya nuna Lawandi, Lawandi ya nuna Barira. Tsoho kuwa ya rantse ba zai koma gida da ita ba, fitila kuma ɗaya ce.

To, yana nan tsaye, hannu a miƙe. Wadda ta ƙera, ko wanda ya hana ta fita da aibi, ko wanda ya ɗaura ta a igiyar tsoho: wa kuka ce ya karɓa?