Furannin Ta'aziyya a Ƙofar Alƙalin Wasa

Akwai wani mai shagon furanni a birnin Mokpo na Koriya ta Kudu, sunansa Pyo Deoksu. Yawancin cinikinsa na makoki ne: fararen furannin nan da ake jerawa hawa uku a kan dogon maratayi, a saƙala musu ƙyalle mai rubutu, a kai ƙofar ɗakin da ake zaman ta'aziyya. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya cutar kowa. Aibinsa ɗaya ne. Idan aka zo maganar ƙwallon kwando, ba ya yarda a kayar da shi a musu, ko da sama da ƙasa za su haɗe.

A wannan shekarar ƙungiyar da yake goyon baya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ana dab da tashi, an fi su da maki ɗaya tak, ɗan wasansu ya yi tsalle zai jefa ƙwallo, abokin hamayya ya kai masa hannu. Ƙwallon ta bugi bakin kwando ta faɗo waje. Alƙalin wasa, wani mai suna Ok Jinseop, yana tsaye kusa da su da usur a baki, amma bai busa ba. Haka aka cire su daga gasar.

Washegari da rana Deoksu ya tafi cin miyar kifi a shagon abokinsa Tak Manho, wanda shi kuma ɗaya ƙungiyar yake so. Tun kafin a kawo shinkafa ya jingina wayarsa da kwanon kimci, wato kabejin da suke tsumawa da yaji, ya kunna bidiyon a hankali.

"Duba nan. Wannan mene ne? Wuyan hannu ne ko ƙwallo?"

"Yaya, ƙwallo ya fara taɓawa," in ji Manho yana goge tebur. "Ku dai kun saba. In kun ci, ƙwarewa ce. In an ci ku, alƙali ne."

"Kai da ba ka iya bambanta gishiri da sukari a miyarka, kai ne za ka ga wuyan hannu?"

"To ai miyar kake sha kullum. Ci abincinka kafin ya huce, gasar baɗi tana nan tafe."

Mutanen sauran teburan suka fashe da dariya. Wani tsohon direban tasi ya ce ko shi da yake da tabarau biyu bai ga laifi ba. Wani ya ce laifi ne ƙarara, amma a irin wannan lokaci alƙalai ba sa busawa. Aka rabu gida biyu, kowa na nuna wayarsa. Dariyar nan ce ta fi ɓata wa Deoksu rai. Ya tashi bai gama cin abincin ba, ya ce sai ya nuna wa garin nan kaf cewa shi ne da gaskiya.

A dandalin magoya baya na intanet kuwa wuta ake hurawa. An riga an yanke shawarar yin abin da aka saba idan rai ya ɓaci: a aika furannin ta'aziyya a jera a ƙofar ofishin hukumar gasar a Seoul, alamar adalci ya mutu. Da yake an san sana'ar Deoksu, shi aka ba aikin.

Sai ya rubuta musu: "Ofis ba ya jin kunya. Mutum ne ke jin kunya. Na san gidansa."

Ya kuwa san shi. Alƙalin ɗan garin ne, kuma a bara Deoksu da kansa ya kai furannin ranar iyaye wani tsohon gida mai shuɗiyar ƙofa a kan tudu, da sunan Ok Jinseop a jikin katin.

Matarsa, Yeom Sunrye, ita ce ke buga rubutun ƙyalle a shagon. Da ta ga abin da yake so a rubuta, sunan mutumin da manyan baƙaƙe da addu'ar da ake yi wa mamaci, sai ta janye kujerarta daga na'urar.

"Baban Yerim, mutumin nan yana da rai."

"Idanunsa ne suka mutu."

"Kai ka ce mini wata tsohuwa ce ta karɓi furannin bara."

"Shi zai fara fitowa da safe. Ya gani, ya ji abin da muka ji, in ɗauki hoto, in kwashe kayana. Ina abin yake?"

"Hannuna ba zai buga wannan ba."

"To matsa, nawa zai buga."

Da sassafe ya loda furannin a motar shago, ya hau tudun, ya jera su reras a jikin katangar gidan, ƙyallayen na kaɗawa. Aikin ya yi kyau, don Deoksu ba ya aikin banza ko da na mugunta ne. Ya koma tsallaken titi ya saita wayarsa.

Abin da bai sani ba shi ne, alƙalin ba ya gida. Hukumar ta kira shi Seoul tun jiya don a binciki wasan. Kuma ya kashe wayarsa, saboda zagin da ake ta aiko masa ya fi ƙarfin kunne.

Ƙofar ta buɗe. Wata tsohuwa ce ta fito, ƙanƙanuwa, bayanta a lanƙwashe, tana tura ɗan keken da tsofaffi ke dogarawa. Ta tsaya. Ta matsa kusa da ƙyallen farko, ta bi baƙaƙen da yatsa. Ta matsa na biyu. Sannan ta laluba aljihu ta ciro waya, ta danna, ta kara a kunne. Ta sake dannawa. Ta sake.

Deoksu bai taɓa jin irin kukan da ta yi ba, duk da shekarun da ya kwashe yana shiga gidajen makoki. Keken ya gangara shi kaɗai, ita kuma ta zube a gindin furannin.

Ya tsallaka da gudu ya ɗago ta. "Kaka! Kaka, ɗanki yana da rai! Wallahi lafiyarsa ƙalau. Ni na kawo su. Wasa ne, maganar ƙwallo ce."

Ta dube shi kamar ba ta jin yaren. "Wa ke kai wa mai rai furannin gawa? Kada ka ɓoye mini, ɗana. Kai ni in gan shi. A wane asibiti yake kwance?"

Bai jira motar asibiti ba. Ya sa ta a gaban motarsa, wadda ƙamshin furannin makoki ya cika, ya kama hanya. Har suka isa tana riƙe da hannun rigarsa tana tambaya ko Jinseop ya sha wahala kafin ya cika.

Likita ya ce jininta ne ya hau har ya taɓa ƙwaƙwalwa, amma za ta rayu. Deoksu ya zauna a kan benci a farfajiyar ɗakin jinya, ya kasa tafiya, ya kasa shiga.

Da la'asar wayarsa ta fara rawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Hukumar ta fitar da sanarwa: an duba bidiyo, an bugi wuyan hannun ɗan wasan, ya kamata a busa, kuma an dakatar da alƙalin. Dandali ya ɗauki murna. Har Manho ya turo saƙo: "Yaya, na cire maka hula. Kai ne da gaskiya. Zo ka sha miya kyauta."

Yana cikin karantawa wani dogon mutum ya shigo da sauri, rigarsa duk ta yamutse da zaman jirgin ƙasa. Ya wuce ɗakin kai tsaye. Deoksu ya ji muryar tsohuwar ta tashi, ya ji mutumin yana cewa, "Umma, ni ne. Taɓa ni ki ji. Ni ne."

An daɗe kafin ya fito. Deoksu ya miƙe, ya sunkuya har kansa ya kusa kai gwiwa.

"Ni ne mai furannin."

Alƙalin ya dube shi. Babu tsawa a muryarsa, gajiya ce kawai.

"Laifi ne, maigida. Ya bugi hannunsa. Kafaɗar wani ta tare ni, na yi jinkirin matsawa, ban gani ba. Na kalli bidiyon nan fiye da yadda ka kalla. Kana da gaskiya. Ka je ka kwashe kayanka kafin a sallame ta."

Deoksu ya kwashe su a ranar. Bai sa hoton a dandali ba, bai kuma je shan miyar ba.

Da kaka ta shigo, sabuwar gasa na shirin farawa, ya duba jerin alƙalai bai ga sunan Ok Jinseop ba, alhali dakatarwar ta daɗe da ƙarewa. Ya sayi kwalin 'ya'yan itace, ya hau tudun da safe don ya sake ba da haƙuri yadda ya kamata.

Ƙofar a buɗe take. Daga bakin titi ya hango tsohuwar zaune a dandamalin tsakar gida tana kuka, ɗanta a durƙushe gabanta, ya kama tafukanta biyu ya ɗora a fuskarsa.

Wata maƙwabciya da ke shanya barkono a tabarma ta ga Deoksu ya tsaya, ta ɗauka baƙo ne mai neman gida.

"Kullum haka ne," in ji ta. "Ta manta asibiti, ta manta an sallame ta, amma ba ta manta furannin ba. Duk safiya sai ta farka da cewa ɗanta ya mutu, sai ya zo ta taɓa shi sannan ta karya kumallo. Shi ya sa ya ajiye aikin, ba ya iya kwana a wani gari. Wa kake nema?"

Deoksu ya tsaya a bakin titi da kwalin a hannu. A cikin gidan, mutumin yana ta maimaitawa a hankali: "Ina nan, Umma. Ban mutu ba."

Darasi: Kasancewarka mai gaskiya a musu bai ba ka izinin wulaƙanta wanda ya yi kuskure ba. Alƙalin wasa zai iya kuskure a cikin ƙiftawar ido, amma wanda ya zauna ya shirya cin mutunci da gangan ya yi. Kafin ka aika zagi, ko ka yaɗa hoton wani da adireshinsa, ka tuna akwai uwa a bayan ƙofar da ba ta san ma an buga wasa ba. Ka tura wannan labari ga abokin musunka na ƙwallo, tun kafin wasa na gaba.