Ranar da Aka Yaudari Gaiwa

Masu ba da labari sun ce a zamanin da, tun ana auna girman sarki da yawan bakunan da ke shan ruwan ƙasarsa, an yi wani Sarki wanda kogi ɗaya tak ya ratsa mulkinsa. Daga duwatsun kudu kogin ke gangarowa, ya bi ta gefen birni, ya miƙa arewa yana ramewa, har ya ƙare a fadamar wani gari da ake kira Mashaya. Bayan Mashaya babu komai sai rairayi. Kusa da birni kakannin Sarki sun gina madatsa ta itace da duwatsu, suka yi mata ƙofa, suka kuma bar wata al'ada. Idan kaka ta yi aka buɗe ƙofar, sai a saki farar ƙwarya a kan ruwa. Ranar da ƙwaryar ta isa Mashaya, ranar ake shuka alkama, domin ita ce alkawarin Sarki cewa ruwa ba zai yanke ba sai alkama ta nuna.

Ana nan sai aka shiga fari. Damina ta zo ta yi yayyafi ta wuce, ta bayanta kuwa ko yayyafin ma ƙyashinsa ta yi. Kogi ya janye daga gaɓa, rijiyoyi suka yi nisa har guga ya gaji da nema. Sarki ya tara fada, ya ce, "Ruwan da ya rage bai isa kowa ya ƙoshi ba, amma ya isa kowa ya rayu. A raba shi tsakanin birni da Mashaya. Waziri, madatsa tana hannunka."

Waziri Korau ya faɗi ya ce, "An gama, Allah ya ba ka nasara."

A cikin waɗanda suka ji hukuncin nan har da Tunau, Sarkin Ruwa, wanda ke zaune a Mashaya yana kula da fadama da masunta. Shi da Waziri 'ya'yan masunta ne, unguwarsu ɗaya, tare suka yi wasan laka, kafin karatu ya kai Korau birni, baki da basira suka kai shi kusa da Sarki. A fada Tunau kan ce masa Waziri, amma in suka keɓe sai ya kira shi da sunansa na yarinta. Da fada ta tashi ya bi shi har zaure.

"Korau, gaya mini gaskiya tsakanina da kai. Mutanena ba su da sauran komai sai irin alkama. In ruwan nan ba zai kai ba, faɗa mini tun yanzu, mu ci irinmu, mu taso mu matso kusa da birni."

Waziri ya kama hannunsa da hannu biyu. "Haba Tunau! Ni da cibiyata ke binne a Mashaya? In ka ga ƙwarya, ka shuka. In na cuce ka, wa kuma zan bari?"

Tunau ya koma gida zuciyarsa wasai. Amma mutanen Mashaya sun ga yadda kogi ya koma, suka yi ta jan ƙafa. Wata tsohuwa, Iya Tasalla, wadda ke riƙe da jikoki marayu, ta tare shi a hanya rungume da tukunyar irinta. Ta ce, "Ɗan nan, abin da ke cikin tukunyar nan shi ne tsakanin jikokina da yunwa. In zuba a ƙasa?"

Ya ce, "Zuba, Iya. Na ɗauka a wuyana."

Ba a daɗe ba ruwa ya iso, farar ƙwarya na rangaji a kansa. Aka yi guɗa, aka fita da fartanya, kowa ya juye tukunyarsa a ƙasa. Alkama ta tsiro, fadama ta yi kore shar, har masu jan ƙafar nan suka riƙa cewa ai su dama sun sani. Sai wata rana aka wayi gari ruwa na kaiwa gwiwa, kafin la'asar babu komai a kogin sai laka. Aka jira, shiru. Rana ta hau kan tsiron nan ta ƙone shi tas.

Manzon Waziri ya zo da jaje, ya ce ƙofar madatsa a buɗe take, amma fari ya yi tsanani, rana ta sha rabin ruwan, rairayin hanya ya shanye sauran. Tunau ya yarda. Ba ma yarda kaɗai ba, har faɗa ya riƙa yi da duk wanda ya ambaci sunan Waziri da mugun nufi. Iya Tasalla ba ta zage shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba. Tukunyar ta kawo ta kife a ƙofar gidansa ta tafi, shi kuwa da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Da kunya ta hana shi zaman gida, sai ya shiga busasshen kogin yana tafe ba tare da ya san inda za shi ba. Can ya ji wari. Ya duba, sai ga gaiwa birjik a kan laka, sun mutu, rana ta ƙandarar da su. Ya tsaya cak.

Gaiwa dai kifi ce mai dabara. In ta ji ruwa na raguwa a hankali, kamar yadda fari ke kashe kogi, sai ta nutse cikin laka ta naɗe kanta, ta yi barcinta har ruwa ya dawo. Ba a ganin gawarta a fili don fari. Waɗannan kuwa zuwan ruwa ya tashe su daga barci, suka fito, aka yanke ruwan farat ɗaya kafin su koma. Kuma wanda ya koya wa Tunau halin gaiwa, tun suna yara suna tonon ta da sanda, shi ne Korau. Tunau ya zauna a kan lakar nan, ya yi kuka irin na babban mutum, wanda ba ya fitar da sauti. Asarar iri ta yi masa ciwo, amma abin da ya fi ƙona shi shi ne hannu biyun nan da aka kama nasa da su.

Ya cika kwando da gaiwa, ya rufe, ya nufi birni. Ya iske fada a cike, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, alkawarin ƙwarya ya karye, mutanen Mashaya sun binne abincinsu."

Sarki ya dubi Waziri. Waziri ya gyara rawani, ya yi bayanin yadda rana ke ɗauke ruwa daga sama, da yadda ƙasa mai ƙishi ke janye shi daga ƙasa, har kogi ya mutu a hanya bai kai ƙarshensa ba. Magana ce ta gaskiya, haka fari ke yi, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram a cikinta. Malamai suka gyaɗa kai, fadawa kuwa, da ba su taɓa jin Waziri ya yi tari ba su ce daidai ba, suka ɗauka, "Haka yake!"

Tunau ya buɗe kwando, wari ya cika fada. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tambaya ɗaya gare ni, kuma Waziri nake so ya amsa, don shi ya koya mini. Waziri, in fari ya kashe kogi, ina gaiwa take kwana?"

Waziri ya dubi kwandon, bai dubi Tunau ba. Ya ce, "Na daɗe da barin sha'anin kifi."

Sarki ya dubi wannan, ya dubi wancan. Daga nan ya ce, "Ba a hukunta Waziri da shaidar mataccen kifi. Abin da ya faru ƙaddara ce. Gobe a fito da geron rumbuna, a sussuka a sheƙe a bakin kogi, sama da madatsa, a raba sadaka ko Allah ya dube mu. Sarkin Ruwa, ka tsaya ka karɓi rabon mutanenka." Tunau ya fita yana jin an ci amanarsa sau biyu. Ya zo neman gaskiya, an sallame shi da sadaka.

Washegari mata suka jeru a gaɓa suna sheƙa, iska na kwashe ƙaiƙayi tana zubawa a ruwa har fuskar kogi ta yi fari. Da rana ta ɗaga sai ga Sarki ya fito a ƙasa, ya ce yana so ya miƙe ƙafa, Waziri da Sarkin Ruwa su raka shi. Suka bi gaɓa har madatsa. Ƙofa a buɗe take kamar yadda aka faɗa, amma abin da ke bi ta cikinta bai fi a jiƙa ƙafa ba.

Sarki ya ce, "Waziri, ƙaiƙayi ba ya nutsewa, rana kuma ba ta shansa. In ruwa ta ƙofar nan yake bi, nan ya kamata ya taru. Ina ya tafi?"

Sai a lokacin Tunau ya gane sadakar nan dabarar Sarki ce. Suka juya baya suna dubawa, sai ga ƙaiƙayin ya yi layi yana shigewa cikin wani duhun ciyawa a gefen kogi, kafin a kai madatsa. Dogarai suka sare ciyawar, sai ga bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa, aka rufe da itace da asabari, aka zuba ƙasa a kai. Aka bi ta har bayan wani tudu. A can aka tarar da katafariyar gonar rake kewaye da shinge, ganye kore har yana ƙyalli, ƙaiƙayin Sarki na yawo a tsakanin kunya da kunya. Ba wanda ya tambayi ko gonar wane ce, kowa ya gane ta Waziri ce.

Waziri ya zube. "Allah ya ba ka nasara, ruwan ko an sake shi, da wuya ya kai alkamarsu ga nuna. Da na gaya musu haka, da sun taso gaba ɗaya sun cika birni, sun cinye rumbunanka. Na saki ƙwarya ne don su zauna inda suke."

Tunau ya ce, "Na zo har zaurenka na tambaye ka. Da ka ce mini a'a, da mun ci irinmu mun gode maka. Ka riƙe hannuna ka ce in shuka."

Sarki ya ce, "Ko ruwan zai kai ko ba zai kai ba, ba kai aka ba sanin wannan ba, rabo aka ce ka yi. Ka shayar da rake, ka bar marayu, kuma da ƙwaryata ka yi ƙaryar." Nan take ya sa aka toshe hanyar, aka sare raken aka raba wa jama'a. Aka buɗe rumbunan Korau, aka ɗora iri da abinci a kan jakuna zuwa Mashaya. Aka warware masa rawani. Sa'an nan Sarki ya kafa doka: daga ranar, duk wanda aka ba riƙon madatsa, iyalinsa a Mashaya za su zauna, su sha abin da ya sako. Shi kuwa Korau, aka ce ya ɗauki farar ƙwarya a ka, ya bi ruwan da ƙafa har inda ya ƙare, a nan zai gina bukkarsa, ya zama na ƙarshen sha a duk ƙasar.

Ruwa ya koma Mashaya, siriri, amma bai sake yankewa ba. Shukar ta yi latti, abin da aka girbe bai cika rumbu ba, sai dai ya kai mutane ga damina. Iya Tasalla ta aiko aka ɗauke mata tukunyarta daga ƙofar Tunau, ya san an yafe masa.

Bukkar Korau kuwa ba ta da nisa da gidan Tunau. Ranar da ruwa bai kai can ba, Tunau kan ɗauki tulu da kansa ya kai masa, don bai iya ganin mutum da ƙishi ba. Wata rana da ya ajiye tulun zai juya, Korau ya kama gefen rigarsa, ya ce, "Tunau, ko sau ɗaya, kira ni yadda ka saba."

Tunau ya dube shi, ya zare rigarsa a hankali. Ya ce, "Ga ruwa nan, Malam. In ya ƙare ka aiko."

A nan masu labari suka tsaya, ni ma a nan na ajiye.