Dutsen da Sakiusa Ya Bari a Birkice

Akwai wani matashi mai suna Sakiusa a wani tsibirin Fiji. Gwanin nutso ne, sai dai girman kansa ya fi ƙarfin kwalekwalensa.

Wata mai bincike, Dakta Mereoni, ta zo neman tsutsotsin teku masu faɗi, masu launi kamar atamfa, da ke maƙalewa ƙarƙashin duwatsun murjani. Ta ce wanda ya nuna mata shuɗiyar mai ratsin rawaya da ranta, shi za ta ɗauka jagora na shekara guda. Sakiusa ya ƙwallafa rai a kan aikin.

Da ruwan teku ya janye, ya shiga birkita duwatsu yana wucewa, har ya ga wata shuɗiyar halitta ya hau murna. Kusa da shi wata tsohuwa mai tsintar kawa, wani abincin teku mai ɓawo, Bubu Litiana, kakar kowa a ƙauyen, in ta ɗaga dutse sai ta mayar da shi yadda ta same shi.

"Bubu, shimfiɗa kike gyara musu? Ki ƙara musu da bargo mana!"

"Gidan wasu ne, jikana," in ji ta. "Wannan da kake wa murna ma ba ita ba ce. Ka ga tuntu a bayansa? Dodon koɗi ne marar ɓawo. Tsutsar lafe take kamar ganye, ba ta da tuntu."

Ya ja tsaki. Can kuwa sai ga ta gasken a jikin wani dutse. Ya bar dutsen a birkice, ya ruga kiran Dakta.

Kafin su dawo, rana ta gama aikinta. Busasshen tabo kawai suka tarar. Kunya ta rufe Sakiusa, ya kasa ɗaga ido.

Bubu ta yafito su, ta ɗaga wani dutse da ta duba da safe. Ga wata shuɗiyar nan tana malala a hankali, gefenta na kaɗawa.

Nan take Dakta ta ce aikin na Bubu ne. Tsohuwa ta yi dariya.

"'Yata, gwiwoyin nan sun gama aiki. Ɗauke shi, yana da ido. Amma ya fara rufe gidajen da ya buɗe."

Har ruwa ya kawo masa gwiwa Sakiusa na duƙe yana mayar da duwatsu. Da yawa, babu sauran mai rai a jikinsu.

Darasi: Abin da kake neman amfani a wajensa, kada ka bar shi a wulaƙance don kana sauri, kuma kada ka raina wanda ya riga ka sanin wuri. Ku tura wa wasu su amfana.